Yaro Ɗaya, Kira Biyu: Tsokaci a Kan Manufar Ilmi a Yankin Noman Rani na Kura da Bunkure

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Kano zuwa Zariya da sanyin safiya a cikin watan Fabrairu, ya wuce Kura ya doshi Kadawa, ya san abin da ido ke gani a nan. Dama da hagu ƙasa ta yi kore shar, alhali sauran ƙasar Hausa ta bushe ƙayau. Ga alkama ta fara fitar da kai, ga tumatir ya nuna jawur, ga manyan motoci sun yi layi a Kwanar Gafan suna jiran kwanduna. Idan matafiyi ya ƙara lura, zai ga cewa da yawa daga cikin hannuwan da ke tsinkar tumatirin nan ƙanana ne. Wasu ma da rigar makaranta a jikinsu, a daidai lokacin da ake kaɗa ƙararrawar shiga aji a cikin gari.

Wannan yaro shi ne abin tattaunawarmu. Doka ta ce wurinsa aji. Gida ya ce wurinsa gona, aƙalla yau da gobe, kafin amfani ya ruɓe a kan itacensa. To, idan manufar ilmi ta faɗi wani abu, rayuwar mutane kuma ta faɗi wani daban, alhakin yaron nan a wuyan wa yake? Na uban da ya tura shi gona ne, ko na malamin da ya kau da kai, ko kuwa na waɗanda suka zauna a ofis suka rubuta manufar? Tambaya ce ta adalci, kuma ba ta amsuwa sai mun waiwayi yadda aka yi aka zo nan.

Ruwa da boko tare suka iso

A zamanin Gwamna Audu Bako aka fara ginin madatsar ruwa ta Tiga a 1971, aka kammala ta a 1974. Kafin nan an riga an fara gwajin noman rani a Kadawa da ruwan madatsar Bagauda. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, wadda aikin ya koma hannunta, kuma kashin farko na shirin an tsara shi ne don ya shayar da kadada 22,000 a ƙasashen Kura da Bunkure da Garun Malam. A cikin wannan shekara ta 1976 ɗin dai, a watan Satumba, gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, wato UPE. Ashe ke nan ruwan Tiga da makarantar kowa da kowa kusan rana ɗaya suka sallama wa manomin Kura, kuma kuɗin man fetur ne ya ɗauko su duka biyun.

Kafin zuwansu, shekarar Bahaushe kashi biyu ce. Damina ta gona ce. Rani kuwa na fatauci ne da ci-rani da sana'ar hannu, irin su rinin da ya fitar da sunan Kura har cikin Sahara, inda Buzaye ke alfahari da rawani ɗan Kura. Rani kuma shi ne lokacin karatu. Malamin tsangaya yakan kwashi almajiransa bayan kaka, ya dawo da su idan ruwa ya sauka. Ko a cikin yini ma, karatu na asuba ne da na dare a bakin wuta, tsakiyar rana a bar wa neman abinci. Babu wanda ya rubuta wannan tsari a takarda, amma manufar ilmi ce cikakkiya, wadda aka ɗinka daidai jikin manomi. Tana da nata aibin, wanda ba shi ne maganarmu ba a yau, amma ba ta taɓa kiran yaro a lokacin da gona ke kiransa ba.

Madatsar Tiga ta kawo arziki, amma ta kashe rani. Yanzu da damina ana dashen shinkafa. Wajen Satumba da Oktoba ana korar jan-baki daga kanta, aikin da tun asali na yara ne. A Nuwamba a shuka alkama, a girbe ta wajen Maris ko Afrilu. Tsinkar tumatir kuwa daga Janairu ba tsayawa sai zafi ya kore shi. Ita kuwa shekarar makaranta tana farawa a Satumba ta ƙare a Yuli, kuma jadawali ɗaya Ma'aikatar Ilmi ke fitarwa ga yaron Fagge da yaron Bunkure. Masu tsara noma sun yi lissafinsu a kan cewa iyali za su samar da hannuwa. Masu tsara ilmi sun yi nasu a kan cewa yara za su cika aji. Kowanne ya ƙirga yaron nan a nasa littafi, ba tare da ya tambayi ɗan'uwansa ba. Hausawa kuwa sun ce ba a tauna taura biyu.

Takardu ba su yi mana ƙaranci ba

Ba za a ce ƙasar nan ta rasa manufar ilmi ba. An yi babban taron manhaja a Legas a 1969, wanda ya haifar da Manufar Ilmi ta Ƙasa a 1977, aka kuma sake bitarta a 1981 da 1998 da 2004 da 2013. Shirin UPE an yi tsammanin yara kimanin miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya, sai kusan miliyan 3 suka bayyana, aka shiga horar da malamai cikin gaggawa, wato fafe gora ranar tafiya. Tsarin 6-3-3-4 da aka fara a 1982 ya yi alkawarin yaro zai fita ƙaramar sakandare da sana'a a hannu. Aka sayo injinan koyar da fasaha daga ƙasashen waje, da yawa daga cikinsu suka yi tsatsa a cikin akwatunansu, domin babu wutar lantarki, babu ɗakin aiki, babu malamin da ya san kansu. A Satumba 1999 aka ƙaddamar da UBE a Sakkwato, dokarsa ta 2004 ta wajabta karatun shekara tara kyauta, har ta tanadi hukunci ga uban da ya ƙi: gargaɗi da farko, sannan tarar Naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya, bayan nan Naira 5,000 ko wata biyu. A Kano, gwamnatin Ganduje ta ayyana ilmi kyauta kuma dole a 2019, gwamnatin Abba Kabir Yusuf kuma ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilmi a watan Yuni na 2024.

Maganar harshen koyarwa ma abin lura ce. Manufar 1977 ta ce a koyar da yaro da harshen uwa a shekarun farko na firamare. A Nuwamba 2022 gwamnatin tarayya ta amince a kai shi har aji shida. A Nuwamba 2025 Ministan Ilmi, Tunji Alausa, ya ba da sanarwar an janye wannan, an koma Turanci. Yaron da yake aji ɗaya ranar da aka amince da manufar, yana aji huɗu aka soke ta. Ko littattafan da za a aiwatar da ita ba su kai ga yawancin makarantu ba.

Manomin Kadawa zai fahimci wannan fiye da mu, domin ya san bambanci tsakanin ruwan da aka saki a Tiga da ruwan da ya shiga gonarsa. Wanda gonarsa ke kusa da bakin kanal yana sha har ya yi ɓarna. Wanda tasa ke can wutsiya kuwa, sai abin da ya tsira daga yashi da ciyawar kacala da fashewar bango da masu tare ruwa cikin dare. Shi ya sa da aka zo gyaran hanyoyin ruwan nan a ƙarƙashin shirin TRIMING, wanda aka fara a 2014 da rancen Bankin Duniya, aka ga gyaran siminti kaɗai ba zai isa ba, sai an ƙarfafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, su manoman da kansu su riƙa kula da rabo da yashe magudanai. Ba a auna aikin ban-ruwa a bakin madatsa, a gonar ƙarshe ake auna shi. Haka ita ma manufar ilmi: ma'auninta shi ne yaron da ke benci na baya a makarantar ƙauyen da mota ba ta shiga da damina.

Hujjar uba da iyakarta

Mu fara da uba, tun da shi doka ta fi nuna wa yatsa. Ya kamata mu daina kallonsa a matsayin maƙiyin ilmi. Mutumin da zai sayar da buhun shinkafa ya yi wa ɗansa walimar sauka ba ya ƙin karatu. Lissafi yake yi. Tumatir ba ya jiran Asabar. Ɗan ƙwadago kuɗi yake karɓa nan take. Bashin taki na nan yana jira. Ya kuma ga shekara irin 2016, lokacin da tsutsar tumatir ta cinye gonaki a ƙasar Kano cikin 'yan makonni, ya san cewa abin da bai shiga kwando ba bai zama nasa ba. A ɗaya gefen sikelin kuma, yana ganin ɗan maƙwabcinsa da ya yi shekara shida a firamare amma ba ya iya karanta rubutun da ke jikin kwalbar maganin feshi. Idan abin da makaranta ke bayarwa ke nan a madadin hannun yaro, to, uban da ya zaɓi gona bai yi wauta ba.

Amma fa hujjar uba tana da iyaka, kuma wajibi ne mu faɗe ta ba tare da kunya ba. Ɗa amana ne, ba jari ba ne. Akwai bambanci tsakanin yaron da ke taya ubansa aiki yana koyon sana'ar gidansu, da yaron da aikin ya haɗiye shi ɗungurungum, har shekarun koyonsa suka wuce. Akwai aikin da bai dace da yaro ba ko a ranar hutu, kamar goya masa tankin feshi a baya. Sannan ga 'ya mace, wadda ba a cika ganinta a gona ba, amma tana can tana taya turara shinkafa ko tana ɗauke da farantin talla zuwa bakin gonaki, ita kuma rashin zuwanta makaranta ko lura ba a yi. Amfanin gonar bana za a ci ya ƙare kafin baɗi. Shekara goma ta yaro kuwa ba ta dawowa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Saboda haka uba yana da uzuri, amma uzurin bai sauke masa nauyi ba.

Rajistar da ke yi mana ƙarya

Sai malami. Mu ɗauka ga hedimasta ya je ƙofar gidan wani dattijo da yamma, bayan gaisuwa ya ce, "Baba, yau kwana tara ba mu ga yaron nan ba." Dattijon ya ce, "Malam, ka yi mini haƙuri mu gama tsinkar nan. In ka yarda ya riƙa zuwa maka bayan azahar, wallahi ni zan kawo shi da kaina." Me hedimasta zai ce? Ba shi da ikon sauya lokacin darasi. Idan ya rubuta gaskiyar yawan waɗanda ba sa zuwa, mai duba makarantu zai ce shi ne rago. Idan ya kai ƙarar dattijon, ya ɓata da gari gaba ɗaya. Abin da ya rage masa shi ne ya koma ya cika rajista kamar kowa ya zo.

A nan ne ɓarnar ta fi muni. Wannan rajista za ta tafi ƙaramar hukuma, daga nan ta wuce jiha, ta zama alƙaluma a cikin rahoto, a kan rahoton kuma a gina manufa ta gaba. Dokar da ba ta bar wa mai aiwatar da ita wurin numfashi ba, ƙarshenta ta mayar da mutumin kirki maƙaryaci, sannan ta dawo ta ci daga ƙaryarsa. Malamin yana da laifin abin da hannunsa ya rubuta, amma laifin wanda ya tsare shi a wannan lungu ya fi nasa girma.

Nauyin mai kafa doka

Malaman fiƙihunmu suna da ƙa'idoji biyu da suka dace da wannan wuri. Ta farko, ba a ɗora wa mutum abin da ba shi da ikon ɗauka. Ta biyu, duk abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma ya zama wajibi. Idan hukuma ta wajabta wa uba ya kawo ɗansa, to, ta wajabta wa kanta samar da ajin da ba ya yoyo, da malamin da ya iya abin da yake koyarwa kuma ake biyansa a kan kari, da littafi, da lokacin da talaka zai iya cikawa. Dokar 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don ilmin tushe, da sharaɗin jiha ta kawo nata rabin kafin ta karɓa, kuma sanannen abu ne cewa jihohi da dama sun bar kuɗin nan ajiye shekara da shekaru saboda sun kasa cika sharaɗin. Dokar da ta tanadi ɗaurin wata ɗaya ga manomi ba ta tanadi ko na yini ɗaya ga gwamnatin da ta gaza ba. Wannan ba adalci ba ne.

Sannan akwai hakkin shawara. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan an yarda cewa manomi ya isa ya zauna a ƙungiya ya tsara rabon ruwa, me ya hana a yarda ya isa ya zauna a kwamitin makaranta ya ce ga makonnin da yara ba za su samu zuwa ba? Kwamitocin iyaye da na kula da makarantu suna nan, amma galibi ba a tuna su sai rufi ya yaye.

Wata suka mai nauyi

Wani zai ce: idan kuka lanƙwasa makaranta ta bi gona, kun halatta sa yara aiki ke nan, kun kuma yanke wa ɗan manomi hukuncin ya mutu manomi, yayin da 'ya'yanku ke karatu cikakke a birni. Zai ƙara da cewa mun taɓa ganin irin wannan. Tun daga makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nassarawa a 1909, Turawan mulki sun yi ta cewa suna daidaita boko da al'adunmu, suka tafiyar da shi a hankali, ga shi har yau muna biyan bashin wannan jinkiri.

Wannan suka gaskiya ce, kuma ita ce ta nuna mana inda ya kamata a ja layi. Abin da za a iya lanƙwasawa shi ne lokaci da hanya. Abin da ba za a taɓa ba shi ne ma'auni. Yawan kwanakin karatu a shekara ya zama ɗaya, manhaja ɗaya, jarrabawa ɗaya, ingancin malami ɗaya. Makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, da aka kafa a 1977, sun riga sun tabbatar da cewa 'ya'yan talakawan ƙasar Kano suna zama likitoci da injiniyoyi idan an ba su abin da ya kamata. Ba ragi muke nema wa yaron Bunkure ba, hanya muke nema masa.

Kuma ba baƙon abu ba ne. Nana Asma'u 'yar Shehu ba ta ce matan karkara su bar gidajensu su tare a wurinta ba, jajis ta horar suka riƙa kai musu karatu. Gwamnatin tarayya da kanta ta kafa Hukumar Ilmin Makiyaya a 1989, bisa yarda cewa ɗan makiyayi yana bukatar makarantar da ta san yanayin kiwo. A Sukotlan ma, hutun makaranta na watan Oktoba har yau wasu na kiransa hutun dankali, domin asalinsa don yara su taya haƙar dankali aka yi shi. Idan an rage dogon hutu aka mayar da wasu makonninsa zuwa lokacin korar tsuntsu ko ganiyar tsinkar tumatir, ko aka ba makaranta izinin yin zaman yamma a waɗannan makonni, babu abin da ilmi ya rasa. A sannan ne ma hukuma za ta iya duban idon uba ta ce masa ba shi da sauran uzuri.

Haka nan gonar kanta aji ce da muka ƙi shiga. Awon eka da kadada, lissafin ruwan bashi, yawan takin da ya dace da fili, dalilin da ke sa gishiri ya taso a ƙasar da ruwa ya kwanta, karanta gargaɗin da ke jikin maganin ƙwari, duk lissafi ne da kimiyya da karatu. Ranar da yaro ya dawo gida ya nuna wa ubansa cewa dillali ya cuce shi a lissafin kwanduna, ranar nan makaranta ta sami mai kare ta a wannan gida.

Namu kason

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mu marubuta ba mu fita daga wannan shari'a ba. Mun cika kasuwa da littattafai, abin alfahari ne, amma nawa ne daga cikinsu ɗan aji biyu zai iya riƙewa ya karanta da kansa? Nawa ne yaron Kura zai buɗe ya ga kanal da jan-baki da kwandon tumatir, ya gane cewa rayuwarsa ma ta isa a rubuta? Ko da wane harshe hukuma ta zaɓa don koyarwa, yaron da ya fara son karatu da harshen da yake mafarki da shi ya riga ya sami mabuɗi. Wannan aiki ba ya jiran izinin minista. Haka kuma aikinmu ne mu je wutsiyar kanal mu gani da idonmu, mu rubuta abin da rajista ta ɓoye, domin gani ya kori ji.

Amsar tambayarmu ke nan: alhakin yaron nan ya rabu, amma bai rabu daidai wa daida ba. Kowa nasa gwargwadon ikonsa ne. Uba yana da iko a kan yini ɗaya na ɗansa, malami a kan aji ɗaya, mai kafa manufa kuwa a kan shekarar yara miliyoyi, don haka kasonsa ya fi na kowa nauyi. Yaron da muka gani a gefen hanyar Zariya bai zaɓi a haife shi tsakanin kira biyu ba. Manya ne suka gina madatsa, manya ne suka rataya ƙararrawa, su ne kuma ya wajaba su zauna su daidaita su. Allah ya ba mu ikon sauke nauyin da ke kanmu, amin.